Idan aljani ya cika wa maraya burin zama sarki, ina za a kai 'ya'yan sarki?

Malamar Hausa, Kawo:
Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan aji biyar, kuma duk ranar Alhamis nakan rufe darasi da tatsuniya. A makon jiya na ba su labarin marayan da ya tsinci zobe a bakin rafi, aljanin zoben ya ce ya faɗi buƙatu uku, shi kuwa ya nemi dukiya, ya nemi auren gimbiya, sannan ya nemi gadon sarauta. Ban kai ga ƙurunƙus ba sai wata yarinya, wadda kakanta ke da rawani a Zariya, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to 'ya'yan sarkin fa?" Na rasa abin da zan ce mata, kuma abin ya tsaya mini a rai. Ina roƙon masana su bayyana mini yadda irin wannan buri zai kasance idan aka ɗora shi a kan tsarin sarautarmu.

Dattijo daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, domin ta taɓo inda gizo ke saƙa. A Zazzau sarauta tana hannun gidaje huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Masu zaɓen sarki biyar ne, wato Waziri, Makama Ƙarami, Fagaci, Limamin Juma'a da Limamin Kona, kuma bayan sun miƙa sunaye sai gwamna ya sa hannu. Da Sarki Shehu Idris ya rasu a watan Satumba na 2020, bayan shekara 45 a kan gado, sai da aka yi fiye da mako biyu ana jira kafin a sanar da Ahmed Nuhu Bamalli, wanda gidansu na Mallawa ya yi kimanin shekara 100 rabonsa da sarautar. Ashe ke nan aljanin zoben sai ya sauya wa marayan asali, ya juya zukatan dattawa biyar, ya kuma kama hannun gwamna. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ba a naɗa sarki sai gado ya zama babu kowa a kai. Duk wanda ya roƙi sarauta a yau, ya roƙi mutuwar wani ko tuɓe shi, ko da bai furta ba.

Hajiya daga Unguwar Rimi:
Baba ya yi bayani mai gamsarwa, ni kuma auren gimbiyar ne ya dame ni. A wajenmu wanda ya auri 'yar sarki suruki ne kawai, ana girmama shi a fada, amma gado ta wajen uba yake bi. Haka kuma kyautar "rabin gari" da sarakunan tatsuniya ke yi a sauƙaƙe, ita ma ta dame ni. Ko a labarin Daura, an ce Daurama ta yi wa Bayajida tayin rabin gari bayan ya kashe macijin rijiyar Kusugu, shi kuma ya zaɓi aure. Mun dai ga yadda aka raba masarautar Kano gida biyar a 2019, aka soke rabon a 2024, da irin shari'ar da ta biyo baya.

Malami daga Rigasa:
Ina ganin kada mu matsa wa tatsuniya da yawa, domin marayu da 'ya'yan bora ne suka fi buƙatar jin cewa na ƙasa yana iya hawa. Akwai mafita a cikin al'adar kanta: sarki yana da ikon naɗa wanda ba jininsa ba rawani saboda jarunta ko amana, kamar Sarkin Yaƙi ko Sarkin Fada. Marayan zai hau doki da alkyabba ranar hawan sallah, Yarima da Ɗan Galadima kuma suna nan a matsayinsu.

Malamar Hausa, Kawo:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Ranar Alhamis zan sake ba su labarin, in tsaya daidai kan buƙata ta uku, in rubuta sunayen masu zaɓen sarki a allo, sannan in tambayi yarinyar abin da take ganin ya kamata marayan ya roƙa.