Neman kalma: me za mu kira "fly fishing" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu hidimar harshe. Ina neman a taya ni tsayar da suna ga wani nau'in su da Turawa ke kira "fly fishing". Abin da na fi gani a fassarori shi ne "kamun kifi da ƙuda", ni kuwa bai kwanta mini ba. Duk Bahaushen da ya ji haka, ƙudan bola zai hango an soke a ƙugiya, alhali babu ƙuda a cikin lamarin, babu ma wani abu mai rai.

Ga yadda abin yake. Ana samun 'yar ƙaramar ƙugiya, wata ko farcen ɗan yatsa ba ta kai ba, a naɗa mata zare, a ɗaura mata gashin wuyan zakara ko na agwagwa, a ƙara ɗan gashin zomo, har ta fito da siffar ƙwaron ruwa, ga jiki ga fiffike ga wutsiya. Ba ta da nauyin da za ta jefu da kanta, don haka nauyin a jikin igiya yake. Mai fatsa zai yi ta kaɗa doguwar sanda gaba da baya har igiyar ta miƙe a iska, sannan ya sake ta, ƙugiyar ta sauka bisa ruwa a hankali. Kifi ya zaci ƙwaro ne, ya taso ya cafke.

Labarin Loch Leven, kusa da garin Kinross a Sikotlan, shi ya tayar mini da maganar. Kalmar "loch" ba ta da wuya, tafki ce. A dai lura, mutanen can suna kiran reshen teku da ya kutso cikin tudu da wannan sunan, har akwai wani Loch Leven ɗin a yammacin ƙasar mai ruwan gishiri. Na Kinross ruwan daɗi ne, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 13, amma matsakaicin zurfinsa bai cika mita 4 ba. A 1880 aka fara gasar fatsa ta ƙasa a kansa, saboda kifinsa tirawut da ya yi suna a duniya. Kada a rikita shi da tarwaɗarmu, ba su haɗa komai ba, shi kifin ruwan sanyi ne mai ɗigo-ɗigo a jiki.

Ƙungiyoyi sukan yi hayar ƙananan jirage su fita tare, mutum biyu a kowane jirgi. Ba a kafe jirgin wuri ɗaya. Juya shi ake yi ya ba iska gefe, ita ta riƙa tura shi sannu a hankali, su kuma suna jifa gabansu, galibi da ƙwari uku jere a igiya ɗaya. Na sama shi ake ɗagawa yana tsalle-tsalle a fuskar ruwa kafin a sake jifa, kuma sau da yawa a daidai wannan lokacin kifi ke kawo cafka, a gaban idon mutum.

To, shawarwari sun shigo.

Baba na Yauri, Allah ya ƙara girma, na karɓi gyaranka hannu biyu. Ka ce su, wato kamun kifi, babban gida ne, a cikinsa taru yake, da koma, da birgi, da mamari, wannan kuwa sanda ce da igiya da ƙugiya, saboda haka fatsa ce. Haka ne. Inda nake neman afuwa shi ne da ka ce a bar ta fatsa kawai. Fatsar da muka sani da koto take, a tono tana a soka, kifi ya bi ƙamshi. Wannan ba koto a cikinta, ido kaɗai ake yaudara. Dole a raɓa mata wata kalma.

Wani ɗan'uwa ya kawo "fatsar gashi". Da ka furta ta a baki za ka ji matsalar: mai sauraro zai ɗauka kifin da za a gasa ake kamawa. Ga shi kuma yanzu da yawa ana haɗa su da zaren roba da soso, ba gashin tsuntsu ko ƙwaya ɗaya. "Fatsar yaudara" ma ba ta raba gardama ba, don kowace fatsa yaudara ce. Masu cewa a ari kalmar kawai a rubuta "fulai-fishin", ku yi haƙuri, aro sai inda aka rasa na gida.

Ni "fatsar ƙwaro" na zaɓa. Na san akwai waɗanda ake ɗaurawa su kwaikwayi ƙananan kifaye, amma suna yakan bi rinjaye ne. Dalilina babba kuma shi ne, da an cire ƙwaro daga sunan, mai karatu ba zai gane me ya sa masu wannan fatsa suka fi kowa damuwa da lafiyar ruwa ba. Ƙwarin da suke kwaikwaya a ƙasan ruwa suke girma, wasu shekara guda ko biyu, kafin su taso su yi fiffike. Wasunsu ba sa jure ƙazanta ko kaɗan, su ne kan gaba wajen ɓacewa. Shi ya sa a Birtaniya masu fatsa da kansu suke shiga koguna wata-wata, su burge duwatsun ƙasa da ƙafa, su tare abin da ya fito da ɗan raga, su zuba a faranti su ƙidaya. In lissafi ya faɗi warwas, sai su sanar da hukuma.

Loch Leven ya ga wannan a jikinsa. Shekara da shekaru sinadarin fosforas yana kwarara cikinsa daga masaƙar ulu ta Kinross, da matatun ruwan bahaya na garuruwan kewaye, da takin gonaki. A 1985 abin da ke shiga ya kai kusan tan 20 a shekara. Fosforas taki ne, a ruwa ma aikin taki yake yi. Wata Asabar a watan Yunin 1992 tafkin ya wayi gari kore shar, ya yi kauri kamar miyar kuka, aka hana mutane kusantar ruwan, harkar fatsa da ta baƙi ta yi asara mai yawa. In ruwa ya yi haka kifi ba ya ganin abin da aka jefa masa, haske ba ya isa ga ciyayin ƙasa, in kuma koren ya mutu ya fara ruɓewa sai ya shanye iskar da kifi ke shaƙa.

An tashi tsaye. Masaƙar dama ta riga ta daina zubar da sinadarin, an gyara matatun, manoma suka riƙa barin ciyawa a bakin rafuka ta tare zaizayar ƙasa. Zuwa 1995 abin da ke shiga ya sauko kusan tan 8. Sai dai ruwan bai washe nan take ba, don taɓon ƙasan tafkin ya riga ya ƙoshi da fosforas, yana sako shi duk lokacin zafi. An ɗauki shekaru kafin a ga sauƙi, kuma har yanzu in bazara ta yi zafi koren yakan dawo, a kafa allunan gargaɗi.

Wannan koren ma muna buƙatar suna a kansa. Na ga wani ya rubuta "furen gansakuka", yana bin Turanci sau da ƙafa. Fure abin sha'awa ne, wannan kuwa yana kashe karen da ya sha ruwan, yana sa wa mutum ƙaiƙayi da amai. "Ɓarkewar gansakuka" ta fi, yadda muke cewa ɓarkewar annoba. Malama mai koyar da kimiyya, na ga bayaninki cewa wannan nau'in ba tsiro ba ne, dangin bakteriya ne. Gaskiyarki. Amma koren da ke rufe kududdufi gansakuka kowa ke ce masa, kuma ido ba ya bambance mai cutarwa da marar cutarwa. A rubutun kimiyya sai a yi bayanin da kika yi, a allon gargaɗi kuwa a rubuta "gansakuka mai guba", kowa ya ja ɗansa da dabbarsa.

Tunda ba wanda ya ƙara kawo suka, zan ci gaba da rubuta fatsar ƙwaro, mai yin ta mai fatsar ƙwaro, haɗa ƙugiyar kuma ɗaurin ƙwaro. Saura guda ɗaya. Baba, ku Sarkawa me kuke cewa idan kifi ya taso ya ɗauki abu a fuskar ruwa, ya bar zobe yana faɗaɗa? Masu fatsar can suna da kalma ɗaya tak a kai, kuma na tabbata ku ma kuna da taku.