Neman shawara: inshorar mota da ta gida, wacce zan ɗauka kafin ƙarshen wata?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min, kaina ya kulle. Takardun motata za su ƙare ƙarshen watan nan, maigida kuma ya ce tunda za a sabunta a haɗa da inshorar gida gaba ɗaya. Shi yana Fatakwal wajen aiki, komai a hannuna ya bari. Gidan nan ba ƙaramar wahala muka sha a kansa ba. Filin gadona ne na wajen Babanmu, Allah Ya jiƙansa, can bayan Rijiyar Zaki, sai da aka kai ruwa rana da yayyena kafin a fitar min da shi, don su so suka yi a sayar a raba kuɗi. Mun fara gini buhun siminti bai kai dubu huɗu ba, muka gama yana neman dubu goma. Sarƙata ta gwal ta tafi, adashina ya tafi, uwar mijina har cewa ta yi mu haƙura mu ci gaba da zaman haya, ni na kafe. To kwanaki aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare, gidan maƙwabtanmu ya kama ta silin, kafin 'yan kwana-kwana su iso falo da ɗaki biyu sun tafi. Tun ranar ba na barci sosai.

Motar Corolla ce 'yar Kwatano, mun saye ta miliyan huɗu da rabi a 2021. Na tambayi ejan inshora uku. Ejan na farko ya ce babbar inshorar mota, wadda ke biyan har asarar motata, dubu 150, gida dubu 60. Na biyu ya ce mota dubu 500, gida dubu 140. Na uku na takaful ne, wato inshorar tsarin Musulunci, kuɗinsa kusan ɗaya da na biyun. Yaron da yake sabunta min takardu kuma ya ce in ba shi dubu takwas ya kawo min ta dole, wato wadda doka ta wajabta wa kowace mota, in manta da sauran. Zuciyata ta fi kwanciya da na farkon, mutumin kirki ne, mijin ƙawata ne. Me kuka gani?

Kawu Direba: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki yi ta dole ki huta. Na tsufa a kan titi ban taɓa ganin wanda inshora ta gyara wa mota ba. Dubu ɗari biyar ɗin nan ki ajiye abinki, ranar da aka goge miki bamba ki kai Kofar Ruwa a gyara.

Baban Khalifa: Hajiya ki saurare ni da kyau, na yi aikin nan shekaru kafin in koma kasuwanci. Fara da yaron nan mai dubu takwas: ki rabu da shi yau. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da ta dolen motar gida naira dubu 15, daga dubu biyar da ake biya a da. Duk wanda ya ce zai yi miki a ƙasa da haka, takarda ce kawai zai buga miki a shagon kwamfuta. Tun Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka fara matsawa a kan ta, kuma ba takardar kaɗai suke kallo ba, suna iya sa lambar motar a NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa. Ke ma za ki iya dubawa a wayarki, ki nemi shafin askniid ki sa lambar motarki. Ki fara duba wadda kike yawo da ita yanzu ma.

Ita ta dolen ba ta gyara motarki ko kaɗan. Wanda kika buge take biya, dukiyarsa har naira miliyan uku, da rauni ko rai idan abin ya kai can, Allah Ya kiyaye.

Sai mijin ƙawarki. A wannan sanarwar ta NAICOM an ce babbar inshora ba za ta gaza kashi biyar cikin ɗari na darajar motar ba. Yi lissafi da kanki. Dubu 150 kashi biyar ne na miliyan uku. Wato ya rubuta motarki a miliyan uku, ƙasa ma da yadda kuka saye ta. Na biyun ya rubuta miliyan goma, shi ya sa ya ce dubu 500. Ba tsada ya yi miki ba, kuɗin motar na yau ya sa. In aka sace ta, Allah Ya tsare, mijin ƙawarki miliyan uku zai miƙo miki, a cire wani abu ma a ciki. Je ki wajen dillalan mota da miliyan uku ki ga me za su nuna miki.

Maman Ilham: Baban Khalifa na gode, amma ba na jin zai cuce ni. Ya ce min rangwame ne saboda na haɗa gida da mota a wajensu. Kuma wa zai saci Corolla ta 2010 mai fashewar gilashi?

Baban Khalifa: Ita ɓarayi suka fi so Hajiya, don kayanta ba sa kwana a kasuwa. Ban ce zai cuce ki ba. Ce masa ya nuna miki adadin da ya rubuta a matsayin darajar motar, layi ɗaya ne a takardar.

Abu Sumayya: 'Yar'uwa ki ji tsoron Allah. Inshora caca ce, akwai garari a ciki, wato rashin tabbas, akwai riba. Kina biyan kuɗi a kan abin da ba ki san zai faru ko ba zai faru ba. Ta dole an tilasta mu, babu yadda za mu yi. Amma ta gida wa ya tilasta ki? Ki riƙe azkar na safe da yamma, ki yawaita sadaka.

Ummu Sudais: Malam Abu Sumayya gaskiya ne a kan ta 'yan kasuwa, amma ai ta ce akwai na takaful a cikin ukun. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci ta kuma halatta ta taimakon juna. Tun 1979 aka kafa irin wannan kamfanin a Sudan. A nan ma akwai su da lasisi, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Kuɗin da kika sa tabarru'i ne, gudummawa ce cikin asusun 'yan'uwa, wanda masifa ta samu a ɗiba a ba shi, kamfanin ya ɗauki ladan kula da asusun. In shekara ta ƙare da rara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Ni a nan nake, hankalina kwance.

Abu Sumayya: Suna kawai aka canza. Ba duk malamai ne suka gamsu ba.

Ummu Sudais: To Malam ka kawo naka dalilin, ni na kawo nawa.

Baban Khalifa: Ku bar wannan, ta je ta tambayi malaminta. Takaful ko ba takaful ba, lissafin ɗaya ne, su ma sai sun tambayi darajar kaya. Mu koma gidan. Kuskuren da kowa yake yi shi ne ya faɗi kuɗin da ya kashe lokacin gini, ko kuɗin da za a sayi gidan. Duka biyun ba su ne ba. Fili ba ya ƙonewa, ba a sa shi. Abin da ake so shi ne nawa za a kashe a sake tayar da ginin nan da farashin siminti da rodi da kwano na yau. In sake ginin miliyan 40 ne kika rubuta 20 don kuɗin shekara ya sauka, gobara ta ci miki na miliyan goma, biyar za su ba ki. Rabi kika saya, rabi za a biya ki, kuma yana nan rubuce a cikin ƙananan rubutun da ba wanda yake karantawa. Kayan ɗaki kuma daban ake lissafa su: kujeru, firji, sola da inbata da baturanta, har kayan ɗakinki na aure. Ki ɗauki hoton komai ki ajiye rasit a wani wuri da ba cikin gidan ba.

'Yar Yerwa: Anti don Allah ki tabbatar akwai ambaliya a ciki, kar ki tsaya a gobara kaɗai. Mu da madatsar Alau ta kusa da Maiduguri ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa har saman taga a gidanmu. Yayana yana da inshorar shagonsa, ya je da murna, aka buɗe masa takarda aka nuna masa gobara kawai ya saya. Ko sisi. Har yau bai farfaɗo ba, matarsa tana gidansu, yaran an cire su daga makarantar kuɗi. Mu kanmu katifun da muke kwana a kai na taimako ne. Wallahi in na tuna daren nan jikina rawa yake.

Maman Ilham: Allah sarki, Allah Ya mayar muku da alheri. Amma mu unguwarmu tudu ce, ruwa ba ya kwanciya.

Abban Mufida: Ni dai ba zan hana ki ba, amma ki shirya wahala. Wani mai tifa ya murƙushe min ƙofa biyu a shataletale, ina da babbar inshora cikakkiya. Kawo rahoton 'yan sanda, na kawo. Kawo ƙiyasin makaniki, na kawo. Suka ce nasu mai dubawa zai zo, ya zo ya zabge kusan rabi, wai kayan da za a sa sababbi ne motata kuma tsohuwa. Sannan aka cire wani kaso wai wannan ni zan ɗauka da kaina. Motar tana garejin fanel bita ƙura ta rufe ta, ni ina hawa adaidaita da yara. Kuma mai tifar ko waya bai sake ɗauka ba, ubangidansa wani babba ne.

Baban Khalifa: Amma sun biya ko ba su biya ba?

Abban Mufida: Sun biya, bayan na gaji.

Baban Khalifa: To ka gaya wa Kawu Direba. Wannan kason da aka cire maka yana cikin takardarka tun ranar farko, shi ya sa nake cewa a tambaya kafin a sa hannu. In kamfani ya yi taurin kai kuma NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi. Hajiya, tambaya biyu da ba ki taɓa ba a duk dogon bayaninki. Wa yake tuƙa motar ban da ke? Gidan kuma ku kaɗai ne a ciki?

Maman Ilham: Ƙanena yana ɗaukarta da yamma in na dawo daga makaranta, yana ɗan ɗaukar fasinjan Bolt da ita, shi yake zuba mai. Ba kullum ba ne. Gidan mu kaɗai ne, sai shago ɗaya a jikin katanga ta waje da muka ba wani yaro haya, yana ɗura gas na girki.

Kawu Direba: Tirƙashi.

Baban Khalifa: Hajiya! Gas? A jikin gidan da kike nema wa inshorar gobara? Kin gaya wa ejan ɗin?

Maman Ilham: Bai tambaya ba. Kuma shagon ƙofarsa waje take kallo, ba ya haɗe da ɗakunanmu, akwai tsakar gida a tsakani. Yaron yana da hankali sosai, yana da abin kashe wuta har biyu. Kuɗin hayar nan da shi nake biyan kuɗin makarantar Ilham, ba zan tashe shi ba.

Baban Khalifa: Ko bai tambaya ba gara ki faɗa. Duk abin da aka tambaya a fom ɗinsu wanda zai sa kamfani ya ƙara kuɗi ko ya ƙi karɓa, in kika ɓoye shi suna da damar soke yarjejeniyar ranar da kika zo neman diyya. Mai binciken da za su turo bayan gobara, tukwanen gas ɗin nan zai fara gani kafin ya gaishe ki. Motar ma haka. Kin yi mata inshorar motar gida, ta yi hatsari da fasinjan kuɗi a ciki, ba su da alhakin biya, don takardar ta ware haya da ɗaukar fasinja. Ta haya daban ce, kuɗinta ma daban. Duk farashin nan uku da kika kawo mana ba na gidanki da motarki ba ne, na wani gida ne da babu gas da wata mota da ba ta Bolt. Ki koma wajen dukkansu ki faɗi gaskiya, su sake lissafi.

Maman Ilham: To ai in na faɗa kuɗin zai wuce ƙarfina. Kuma ƙanena bai taɓa ko goge wani ba, ya fi ni iya tuƙi nesa ba kusa ba. Mutane nawa ne suke Bolt da motar gida a garin nan?

Ummu Sudais: Anti ki faɗa ɗin dai. Ko don halaccin abin da za ki karɓa.

Kawu Direba: Kun gani? Magana ta dawo kan tawa. Ta biya dubu 500 a ce ba za a biya ta ba saboda Bolt. Hajiya yi ta dubu 15, sauran ki sa a sake miki wayarin gidan, ki sayi abin daidaita wuta.

Baban Khalifa: Kawu ita ma ta dubu 15 ɗin ta motar gida ce, ba ta rufe haya ba. Kar ka ƙara rikita ta.

Abu Sumayya: Duk wannan wahalar da an dogara ga Allah.

Maman Ilham: Na kira maigida, ya ce in yi duk abin da na ga ya dace, wai yana cikin taro. Mijin ƙawata kuma ya ce kar in damu da maganar shagon, shi zai san yadda zai rubuta, ba sai an zo duba gidan ba. Ina ganin zan ba shi na gidan kawai tukunna, motar in yi tunani.

Baban Khalifa: "Zai san yadda zai rubuta." Sa hannun wa zai kasance a ƙasan takardar, nasa ko naki? In ma kin nace, kar ki tura kuɗi asusunsa, ki tura na kamfanin ki karɓi rasit, don doka ta ce in kuɗi bai shiga ba babu inshora.

Maman Ilham: Ai ya riga ya turo min lambar asusun, ban duba sunan da ke kai ba tukuna.

Ɗan Sahu: Salam, ku yi haƙuri na shigo a tsakiya. Baban Khalifa ni adaidaita ce da ni ta biyan kuɗi a hankali, mai ita ya ce inshorar a kaina take. Nawa ce tawa, kuma sunan wa za a sa?