Sulusi uku ɗaya ne, to daga ina 0.999... ya fito?

Ɗalibar Lissafi: Assalamu alaikum malamai. Sulusi uku ɗaya ne cif. Amma in an rubuta sulusi da ɗigo 0.333... ne, in an ninka shi sau uku sai a sami 0.999... Ina ɗan guntun da ya rage ya shiga?

Malamin Sakandare: Wa alaikumus salam. Babu abin da ya ɓata. Adadi daban, alƙaluman da ake rubuta shi da su daban. Mu goma-goma muke ƙirga, goma kuma 2 ce sau 5, shi ya sa rabi (0.5), rubu'i (0.25) da humusi (0.2) suke tsayawa. Sulusi kuwa, ki raba 10 gida 3: 3, saura 1. Ki sauko da sifiri, 10 ce ta dawo. Haka za ki yi ta yi har takarda ta ƙare. Mutanen Babila da ke ƙirga sittin-sittin sulusi bai ba su wahala ba, 20 ne cikin 60, kamar minti 20 a awa. Subu'i (1/7) ne ya gagare su, mu ma 142857 yake ta maimaita mana. In har yanzu kina kokwanto, ki nemo adadin da zai shiga tsakanin 0.999... da 1. Babu shi, don su biyun adadi guda ne.

Mai Gyaran Manhaja: Kwamfuta ma ba ta tsira ba. Da 0 da 1 take ƙirga, a wurinta ushuri (0.1) ne ba ya ƙarewa, sai ta datse shi. Ki buga 0.1 + 0.2 a Python, wani harshen rubuta manhaja, 0.30000000000000004 za ki gani. Shi ya sa a manhajar kuɗi ake ajiye kobo a cikakken adadi.

Tsohon Lakcara: Ai sulusi mai sauƙi ne, Malam, tunda 1/3 ya wadatar. A zana murabba'i mai mita 1 kowane gefe, a ja layi daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta. Ga layin nan kowa na gani, amma babu kason da zai faɗi tsawonsa daidai, sai dai a sa masa alamar √2. Haka π (abin da ake samu in an raba tsawon kewayen da'ira da faɗinta), shi ma babu kason da zai faɗe shi daidai, masanin lissafi Lambert ya tabbatar a 1761. Sai wani masanin lissafi, Cantor, ya nuna a 1874 cewa adadan da ke kan layin adadi sun fi ƙarfin a jera su ɗaya bayan ɗaya, alhali duk abin da hannu zai rubuta yana jeruwa. Ke nan mafi yawansu ko suna ba za su taɓa samu ba.