Fotasiyam yana ta hawa sama, kalsiyam yana ƙasa, ina matsalar take?

Salam 'yan uwa ma'aikatan lab, don Allah ku taimaka min da wannan abu ya ɗaure min kai. Ina aikin koyon sanin makama a ɓangaren kemistiri, kwanan nan samfurin jinin da ake kawo mana daga wani wod ɗaya sai mu ga fotasiyam ya haura 7, alhali na lafiyayyen mutum 3.5 zuwa 5 ne, kuma likitan ya ce marar lafiyar ba shi da wata alama, ƙodarsa lau, yuriya da kiriyatinin duk daidai.

Da farko na zaci jajayen ƙwayoyin jinin ne suka fashe, tunda hakan yana ɗaga fotasiyam kuma yana sa ruwan jinin ya yi ja, to amma bayan mun juya shi a santirifuj (na'urar da ke raba ruwan jini da ƙwayoyinsa) ruwan saman fes yake, ba ja ko kaɗan. Kontrol ɗinmu (samfurin da muke gwada ingancin na'ura da shi) ma yana fita daidai, sauran wod-wod kuma ba mu ganin haka, shi ya sa ban zargi na'ura ba.

Abin da ya ƙara rikita ni, kalsiyam da ALP (wani sinadari da ake aunawa a gwajin hanta da ƙashi) duk sun faɗi ƙasa sosai a samfurin guda. Ogana ya ce wataƙila EDTA ne, sinadarin hana jini daskarewa da ke cikin kwalba mai murfi shunayya, ya gauraya da samfurin, wato masu ɗibar jinin suna fara cika wannan kwalbar sannan su zuba sauran a tamu, tunda fotasiyam ne a cikinta kuma tana kama kalsiyam. Nas ɗin kuwa sun rantse ba sa yin haka.

Akwai wata hanya mai sauƙi da zan tabbatar EDTA ne? Kuma in riƙe sakamakon har a sake ɗibar jini, ko in fara kiran likita tukuna?