An goge kukis, an kunna VPN, me ya sa har yanzu shafuka ke gane mutum?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Idan mutum ya goge kukis (ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauza don su gane shi), ya buɗe Incognito, ya kunna VPN, ta yaya kamfanonin talla ke gane cewa shi ne dai ya dawo? Kuma me ke hana wannan?

Injiniya_Tsaro:
Wa alaikumus salam. Wannan shi ne zanen yatsan burauza, wato gane na'ura ta hanyar siffofin da ta keɓanta da su. Ba sai an ajiye komai a na'urarka ba, tambayarta kawai ake yi tana ba da amsa. JavaScript na shafin, wato umarnin da shafin ke sa burauza ta aiwatar, yana karanta girman allonka, yankin agogonka, harshen da ka saita, salon haruffan da ke cikin na'urar, da irin katin hotonta. Akwai kuma dabarar Canvas: shafin zai sa burauza ta zana wani rubutu a ɓoye, sannan ya karanta ɗigon hoton. Katin hoto da manhajar da ke tuƙa shi kan sa zanen ya ɗan saɓa daga na'ura zuwa na'ura. Sai a dunƙule duka a fitar da lamba guda, ita ce shaidarka. VPN adireshin IP kaɗai yake sauyawa, Incognito kuwa tarihin bincike yake hana ajiyewa. A 2010 ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta gwada burauza kusan 470,000, ta tarar kashi 83.6 cikin 100 shaidarsu ba ta zo ɗaya da ta kowace ba.

Malama_Linux:
Maganin shi ne ka saje da jama'a. Tor Browser da Mullvad Browser, wanda ya fito a 2023, suna sa masu amfani da su su yi kama da juna. Har girman taga suke daidaitawa, shi ya sa za ka ga fili babu komai a gefen shafi. Kada ka ƙara musu wasu ƙananan manhajoji, domin kowace ƙari tana ware ka daga taron.

Idan Firefox ce, rubuta about:config a wurin adireshi, ka nemo privacy.resistFingerprinting, ka mayar da shi true. Amma ka sani agogon shafuka zai koma UTC (agogon duniya na bai ɗaya), wasu hotuna za su fito da layuka-layuka saboda an ɓata Canvas da gangan, shafuka kuma su daina bin yanayin duhu. Burauzar Brave wata hanya ta bi: tana ɗan jirkita amsar Canvas da ta sauti, ta bambanta ga kowane shafi.

Abu_Sirri:
Malama ta yi gaskiya. Ƙari ɗaya: ka guji manhajojin da ke sauya User-Agent, wato bayanin da burauza ke ba shafi game da kanta da tsarin na'urar. Idan burauza ta ce tana kan Windows alhali haruffanta da katin hotonta na Mac ne, saɓanin ya fi komai tona ka. A Firefox, sa uBlock Origin, ƙaramar manhajar toshe talla, ya fi amfani, tunda yana toshe da yawa daga masu bibiyar tun kafin su yi tambaya. Ka gwada a shafin gwaji na EFF mai suna Cover Your Tracks kafin gyara da bayansa. Kuma da zarar ka shiga asusun Google ko Facebook, wannan kariyar ba ta aiki a kansu, don haka ka ware burauza guda domin asusunka kawai.