Bashin haya da na kaya sun taru mini: me doka ta tanada?

Ɗan Kasuwar Dole ya rubuta:
Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan masarufi a kan sari a nan Damagaram, ina da rajistar kasuwanci da ma'aikata huɗu. Tun da aka rufe iyakar Najeriya a 2023 ciniki ya ja baya, kuma ko da aka buɗe ta a 2024 bai koma yadda yake ba. Yanzu mai shagon da nake haya ya ce zai sa kwaɗo saboda kuɗin haya na wata uku, wanda yake ba ni kaya bashi ya matsa mini, ni kuma ina tunanin sallamar ma'aikata biyu. Ina neman shawarar masana.

Malam na Birni ya amsa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Nijar tana cikin ƙasashe 17 da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma a ƙarƙashinsu mai shago ba shi da ikon kulle maka ƙofa da kansa. Sai ya fara aiko maka da takardar gargaɗi mai wa'adin wata ɗaya, sannan, idan ba ka biya ba, ya kai ƙara kotu ta soke yarjejeniyar hayar. Game da bashin kayan, alƙali yana iya ba ka jinkirin biya ko ya rarraba maka shi, amma bai wuce shekara ɗaya ba.

Abin da na fi so ka duba shi ne hanyar sulhu da dokar OHADA ta 2015 ta kawo. Ɗan kasuwan da ke cikin matsi, amma bai kai ga kasa biyan basussukan da wa'adinsu ya cika ba, yana iya roƙon shugaban kotu ya naɗa mai sasantawa tsakaninsa da masu binsa bashi, na tsawon wata uku da za a iya ƙara wa wata ɗaya, kuma a asirce ake yinta, wanda ba ƙaramin abu ba ne a gari irin namu. Idan kuwa kuɗin da ke hannunka sun kasa biyan bashin da ya zo wa'adi, wannan ƙofar ta rufe, kuma doka ta wajabta maka sanar da kotu cikin kwana 30.

Hajiya Mai Atamfa ta amsa:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai a ganina ka fara da dattawan kasuwa, domin mai kaya ya fi son kuɗinsa kaɗan-kaɗan da ya rasa abokin ciniki. Duk abin da aka shirya a rubuta shi, kowa ya sa hannu gaban shaidu. Kuma kada ka manta da waɗanda kai kake bi, tun da bashin kayan da aka sayar tsakanin 'yan kasuwa yana faɗuwa a gaban shari'a bayan shekara biyu idan ba a neme shi ba.

Na Zango ya amsa:
Alhaji, kada ka sallami kowa da baki kawai. Dokar ƙwadago ta 2012 ta tsara sallama saboda matsin tattalin arziki, kuma sai an sanar da sufeton ƙwadago tukuna. Za ka ba su wa'adi, ka biya kuɗin sallama, ka kuma cika abin da CNSS, asusun ƙasa na kula da jin daɗin ma'aikata, ke binka.

Ɗan Kasuwar Dole ya sake rubutawa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, shin takardar neman sulhun sai ta hannun lauya, ko zan iya kai ta kotun Damagaram da kaina?