Kashin ƙarshe na The Prisoner: wai waye Lamba Ɗaya?

Ɗan_Kurna:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka kalli The Prisoner, tsohon shirin leƙen asirin nan na Ingila na 1967 wanda Patrick McGoohan ya fito a ciki, ku zo ku warware min wani abu, don kashi na 17 wato na ƙarshe mai suna Fall Out ya tsaya min a rai wallahi.

Tun farko labarin a fili yake, ɗan leƙen asiri ne ya ajiye aiki cikin fushi, ya koma gidansa a Landan yana haɗa kaya aka busa masa hayaƙi ta kafar makulli ya sume, ya farka a wani ƙauye da ba a kiran kowa da suna sai lamba, shi aka ba shi Lamba Shida. Kullum Lamba Biyu, mai kula da ƙauyen, yana ƙoƙarin jin dalilin da ya sa ya ajiye aiki, shi kuma yana tambayar waye Lamba Ɗaya. To an zo ƙarshe ina jiran a nuna min bos, sai ga mutum cikin farar alkyabba, Lamba Shida ya fizge masa abin rufe fuska sai ga fuskar goggon biri, ya sake fizgewa sai ga fuskar Lamba Shida shi kansa tana ƙyalƙyala dariya, ko daƙiƙa biyar ba a yi ba an wuce wurin. Daga nan sai harbe-harbe da tashin roka. Me ake nufi kenan? Shi ya kama kansa ko kuwa ɗan'uwansa ne mai kama da shi? Kuma wai ya tsira ko bai tsira ba?

Malam Habu Mai Rediyo:

Wa alaikumus salam ɗana. Ba kai kaɗai ba ne, lokacin da aka haska wannan kashi a Ingila a farkon Fabrairun 1968 masu kallo sun yi ta buga waya gidan talabijin suna faɗa, McGoohan da bakinsa ya ce sai da ya ɓuya na ɗan lokaci saboda fushin mutane. Su ma abin da kake jira suke jira, wani mugu irin na finafinan James Bond, mai sanƙo yana zaune a kujera yana ba da umarni.

Amma shi mutumin tun asali ba wannan hanyar ya ɗauko ba. A wata hira da aka yi da shi a talabijin ɗin Kanada a 1977 ya yi bayani cewa a wurinsa mugun da ya fi kowane mugu yana cikin mutum ne. Abin da malamanmu ke kira nafsu mai umarni da mummuna kenan, shi ya sa biri ya fara fitowa kafin fuskarsa. Ba tagwaye ba ne.

Ni fa wurin da ya fi taɓa ni ma ba nan ba ne. Ka koma ka kalli zaman majalisar nan ta ƙarƙashin ƙasa, mutane sanye da fararen riguna fuskokinsu a rufe rabi baƙi rabi fari. Sun ɗora shi a kujerar mulki, sun daina kiransa da lamba, sun miƙa masa fasfo da kuɗin guzuri da makullin gidansa, suka ce ko ka shugabance mu ko ka tafi. Sai ya hau mumbari zai yi jawabi, yana buɗe baki suka hau ihu suna buga tebur, ya sake farawa suka sake, ana ganin bakinsa yana motsi jijiyar wuyansa ta miƙe amma ko kalma ɗaya ba ka ji. Sun gaza karya shi da allura da na'ura da yaudara, sai suka koma yabonsa, kuma yabon ya hana a ji shi. Wannan sin ɗin kaɗai ya ishe ni in ce kashin ya yi.

Ummu_Khalil:

Baba Habu ka yi haƙuri amma ni ban gamsu ba gaskiya. Na yarda da fassarar fuskar, abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce komai da gangan aka tsara shi. Shirin nan McGoohan kashi 7 ya so yi, Lew Grade mai kamfanin ITC ya ce 26 yake so don ya sayar a Amurka, aka tsaya a 17, kuma George Markstein wanda yake tace labarin, shi ne ma mai gilashin nan da ke zaune bayan tebur a buɗewar shirin ana jefa masa takardar ajiye aiki, sun saɓa ya bar aikin kafin a kai ƙarshe. Sai McGoohan ya zauna ya rubuta Fall Out a gurguje shi ya rubuta shi ya ba da umarni, kuma ana ganin gaggawar ƙarara.

Misali ina ƙauyen yake? A kashin The Chimes of Big Ben an ce mana a gaɓar tekun Baltik yake wajen Lituweniya, to wannan a ce ƙarya aka shirya masa. Amma a kashin Many Happy Returns mutumin nan ya haɗa kwale-kwale da hannunsa ya yi makonni a teku, aka zauna da taswira aka lissafa wurin yana wajen gaɓar Maroko kudu maso yamma da Fotugal da Sifaniya, har jirgin sama ya je ya gano shi. Sai kuma a kashin ƙarshe su fito daga rami a tirela kawai sai ga su a titin A20 sun nufi Landan? Haba. Mai kallon da ya bi shirin da hankalinsa yana tara hujjoji ai an yi masa rashin adalci.

Sannan bindigar. Abin da ya sa nake girmama wannan jarumi tun a Danger Man, shirin leƙen asirin da McGoohan ya yi kafin wannan, shi ne ba ya yawo da bindiga ba ya bin mata, da kai yake aiki, kuma a haka ya taho a The Prisoner. Sai a ƙarshe a ba shi mashinga yana ɓarin wuta kan masu gadi ana sa waƙar Beatles ta soyayya a baya. Raina ya ɓaci sosai a wurin nan, ji na yi kamar ƙauyen ya ci nasara a kansa tunda ya mai da shi abin da ba shi ba.

Bashir_Damagaram:

Hajiya Ummu wannan maganar taki ta ƙarshe ai ita ce amsar tambayar Ɗan Kurna ta biyu, bai tsira ba. Ku lura da abin da ya faru bayan sun isa Landan. Yaron nan Lamba 48 da Alexis Kanner ya fito, wanda ya rikita majalisa da waƙa, ya sauka a hanya yana tare mota, ya tsallaka wancan hannun ma yana tarewa, ko ina aka nufa shi daidai ne. Lamba Biyu na Leo McKern ya sa kwat ya shige majalisar dokokin Ingila, wato inda ya fito can ya koma. Shi kuma gajeren hadimin nan da bai taɓa cewa uffan ba tun farkon shirin, Angelo Muscat, ya bi Lamba Shida har gida, yana isa bakin ƙofa sai ƙofar ta buɗe da kanta da irin ƙarar nan ta ƙofofin ƙauyen sak. Kuma lambar da ke jikin ƙofar 1 ce, tun kashin farko tana nan ba wanda ya kula. Sai a rufe da shi yana tuƙa Lotus ɗinsa a miƙaƙƙen titi, hoton da aka buɗe shirin da shi, kuma da aka zo rubuta sunayen 'yan wasa a kan hotunansu shi ba a sa sunansa ba, fursuna kawai aka rubuta.

Don haka zancen Maroko ko Baltik ni bai dame ni ba, kashin yana cewa ne ƙauyen ba sai an tsallaka teku ba.

Inda zan goyi bayanki a kan zancen gaggawa shi ne dawo da McKern. An ɗauki kashi na 16, Once Upon a Time, kusan shekara guda kafin wannan, a ciki Lamba Biyun da ya fito ya mutu, kafin a kira shi ya dawo ya aske gemu ya rage gashi, shi ya sa aka ƙirƙiro wannan sin ɗin da aka shafa masa kumfa aka yi masa aski da na'ura aka tashe shi. Wannan kam faci ne kowa ya gani. Amma jawabin da ya yi bayan ya tashi, yana kallon idon na'urar nan ta Lamba Ɗaya har ya tofa mata yawu, ya biya kuɗin facin.

Ɗan_Kurna:

Kai jama'a na gode, Allah ya ƙara basira. Yaya Bashir na koma na duba ƙofar, wallahi 1 ce. Amma har yanzu abu ɗaya ya tsaya min a rai, ba a faɗa mana dalilin ajiye aikin ba, kuma shi ne tambayar da aka ja mu da ita tun daga farko. Sannan Baba Habu, wai Lamba Shida shi ne John Drake, jarumin Danger Man?

Malam Habu Mai Rediyo:

Dalilin an ɗan taɓa shi a kashi na 16, da McKern ya matsa masa ya ce don samun kwanciyar rai ne, kuma mutane da yawa sun san abubuwa da yawa. Iyakarsa kenan, kuma ni ina ganin daidai ne, don abin da yake karewa tun farko shi ne haƙƙinsa na ya riƙe dalilinsa a cikinsa. In ya hana Lamba Biyu sannan ya juyo ya faɗa mana, to me ya kare?

Zancen Drake kuwa, Markstein ya tafi a kan cewa shi ne, McGoohan kuma har ya rasu a 2009 yana cewa ba shi ba ne. Ni na fi karkata ga Markstein. Ka nemi kashin Danger Man mai suna Colony Three na 1964, inda Drake ya shiga wani gari da aka gina a ƙasashen gurguzu sak irin na Ingila ana horar da 'yan leƙen asiri a ciki, wanda duk aka kai aiki can ba ya fitowa. Don Chaffey ne ya ba da umarninsa, shi ne kuma ya yi kashin farko na The Prisoner.

Ummu_Khalil:

Colony Three kam na fi son ƙarshensa nesa ba kusa ba Baba, Drake ya dawo Landan ya tambayi yarinyar nan da aka bari a can aka nuna masa ba abin da za a yi mata, ba roka ba biri amma sai da na kasa barci. Ɗan Kurna ka kalle shi ka dawo mu ji wanne ya fi kama ka.